Mai Rijiya da Ɗan Garuwa: Tarihin Layukan Wayarmu da Zuwan Kamfanonin Haya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sake lodawa.

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a majalisa a nan Takur, sai wani ƙanenmu mai sana'ar POS ya jefo tambaya. Ya ce, "Yaya, ka ji an ce hukumar NCC ta ba kamfanoni sama da 40 lasisin layin waya? Ke nan mun kusa hutawa da tsadar data da wannan sabis da yake zuwa yana ɗaukewa?" Kafin in buɗe baki, wani dattijonmu da ya yi ritaya daga aikin waya tun zamanin NITEL ya ce, "Kai yaro, kamfani arba'in? To ina turakunsu? Ni dai ban ga ana ta kafa sababbin ƙarafa a gari ba."

Aka yi dariya, amma wallahi tambayar Baba ita ce maganar gaba ɗayanta. Waɗannan sababbin kamfanoni da ake kira MVNO ba su da turaku, kuma lasisinsu bai ba su nasu kason iska ba. Haya suke yi. Za su sayar maka da sim mai sunansu, su sa nasu farashin, su buɗe nasu ofishin karɓar koke, amma idan ka kunna data, turken MTN ko Airtel ko Glo ne zai ɗauke ka. Na ce wa ƙanen nan ya ɗauke su kamar 'yan garuwa. Ɗan garuwa ba shi da rijiyar burtsatse, yana zuwa ne ya cika jarkokinsa a wurin mai rijiya ya turo kura ƙofar gidanka. Yana da amfani ƙwarai. Sai dai ranar da aka ɗauke wuta layi ya yi tsawo, wa ake fara ɗibar wa, iyalin mai rijiya ko ɗan garuwa? Amsar wannan tambaya ce za ta nuna ko sababbin layukan nan za su amfane mu. Tarihin waya a ƙasar nan kuma ya riga ya ba mu haske a kai, shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya baya.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni, kamfanin waya ɗaya ne tal a Najeriya, wato NITEL, wanda aka kafa a 1985 bayan an haɗe sashen waya na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Mu da muka taso a lokacin mun san wayar tarho abin ofishin gwamnati ce da gidajen manya. In kana da saƙon gaggawa zuwa Kano, sau da yawa ya fi sauƙi ka je tasha ka ba direba wasiƙa. Har zuwa shekarar 2000 duk layukan wayar ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100.

An kafa hukumar NCC da dokar soja mai lamba 75 ta 1992, amma juyin ya zo ne a watan Janairun 2001, zamanin mulkin Obasanjo, lokacin Injiniya Ernest Ndukwe yana shugabantar hukumar. A nan aka yi gwanjon lasisin GSM, kowane lasisi ya tsaya a kan dala miliyan 285. Me aka saya da wannan maƙudan kuɗi? Kason iska ne, wato zangon da saƙon waya yake bi tsakanin wayarka da turke, wanda masana ke kira sifektiram. Abu ne mai iyaka kamar fili a tsakiyar kasuwa, gwamnati ce kawai ke yanka shi, kuma wanda ya samu shi ne ya zama mai rijiya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001. Ina ɗalibi a Kano a lokacin, kuma ban manta ba, kuɗin sim ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kira kuma Naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka bi sahu cikin gaggawa. Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne ke sa mutane irin ƙanena murna: sabon ɗan takara yana karya farashi. Amma a lura, Glo ya zo ne da nasa lasisin iska da nasa turakun.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, kuma shi ne aka fi mantawa. Wa ya tuna lokacin da kiran wani layi daga naka layin yake zama kamar neman ruwa a rani? Ka kira sau goma bai shiga ba, in ya shiga kuma kuɗin ya fi na kiran 'yan layinku. Dalilin da ya sa muka koyi yawo da waya biyu ko uku ke nan, har wayoyin China masu sim biyu suka zo suka cika kasuwar Farm Centre a Kano. Matsalar tana mahaɗa ne, wato wurin da netwok ɗin wani kamfani yake miƙa kira ga na wani. Nawa ƙaramin kamfani zai biya babba kafin kiransa ya sauka a layin babban? Faɗin ƙofar da aka buɗe tsakaninsu nawa ne? Sai da aka yi dokar sadarwa ta 2003, hukumar ta fara yanke farashin mahaɗa da kanta, tana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. A 2013 ta ayyana MTN a matsayin wanda ya mamaye kasuwar kiran wayar hannu, ta umarce shi ya daidaita farashin kiran cikin gida da na kiran sauran layuka. A watan Afrilun shekarar ne kuma aka fara ba mutum damar ya koma wani kamfani da lambarsa. Ko a Janairun 2024 mun ga yadda hukumar ta ba da sanarwar cewa za a hana masu layin Glo kiran MTN saboda bashin kuɗin mahaɗa, kafin daga baya a dakatar da matakin a sasanta. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, amma har gobe mahaɗa ce wurin rigima.

Sai kuma maƙabartar kamfanoni. Starcomms, Multi-Links, Zoom, Visafone, duk sun yi zamaninsu da fasahar CDMA, wasunmu har sun sayi modem ɗinsu don shiga intanet. Dukkansu suna da lasisi halastacce. Yau ina suke? MTN ya saye Visafone a 2016, sauran suka shuɗe. NITEL ɗin kansa da reshensa Mtel an sayar da kadarorinsu, aka miƙa wa kamfanin NATCOM a 2015, wanda ya fito da sunan ntel a 2016. Econet bai mutu ba amma ya sha sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Etisalat ya shigo a 2008 da ƙarfinsa, ya koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashin bankuna, masu amfani da shi suka zube daga sama da miliyan 20 zuwa 'yan miliyoyi ƙalilan. A 2025 hukumar ta amince masu layin 9mobile su riƙa hawa turakun MTN, kamfanin kuma ya sake suna zuwa T2. Ku duba fa, wanda jiya yake da tasa rijiyar yau shi ma yana ɗiba a ta maƙwabci. Takardar lasisi ba ta taɓa raya kamfani a ƙasar nan ba. Yau MTN kaɗai yana riƙe da fiye da rabin layukan da ke aiki, Airtel kuma wajen kashi ɗaya cikin uku.

A cikin wannan yanayi ne hukumar, zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta fitar da tsarin lasisin kamfanonin haya a 2022, ta ba rukunin farko na kamfanoni 25 lasisi a 2023, daga baya adadin ya haura 40. An kasa lasisin hawa biyar, kuɗinsa daga Naira miliyan 35 a hawan ƙasa zuwa miliyan 500 a hawan sama. Na hawan ƙasa kusan suna da talla kawai yake kawowa, komai na fasaha na mai gida ne. Na hawa na uku yana iya mallakar nasa na'urorin tsakiya masu sarrafa kira da data, ya yi nasa sim. Na huɗu dillali ne, yana sarar da yawa ya rarraba wa ƙananan 'yan haya. Na biyar ya haɗa duka. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda zai fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da mai turaku. A nan gizo ke saƙa, domin shekara biyu bayan ba da lasisin, yawancinsu ba su sayar da sim ko ɗaya ba. Vitel Wireless mai lambar 0712 yana cikin na farko da suka fito a 2025. Kada kuma a rikita su da yaranmu masu sayar da data ta WhatsApp. Mai sayar da data yana tura maka datar MTN ne a kan sim ɗinka na MTN, har yanzu kai ɗan gida ne. Ɗan haya kuwa sim ɗinsa daban, yarjejeniyarka da shi ce.

Tsarin ba a nan aka fara shi ba. A Ingila, Virgin Mobile ya fara a ƙarshen 1999 a kan turakun One2One, kuma shi ake ɗauka a matsayin ɗan haya na farko da ya yi nasara sosai. Kantin Tesco ya biyo baya a 2003 a kan O2. 'Yan uwanmu mazauna Turai sun san Lebara da Lycamobile, waɗanda suka gina kasuwarsu a kan baƙi masu kiran gida. A Kenya bankin Equity ya fito da layin Equitel a 2015 a kan turakun Airtel, don abokan cinikinsa su riƙa tura kuɗi cikin sauƙi. A Afirka ta Kudu kuwa Virgin Mobile ya fara a 2006 a kan Cell C, ya rufe a 2021. Ke nan akwai waɗanda suka ci riba, akwai waɗanda suka karye. Kuma daga waɗannan ƙasashe ne muka san yadda mai turaku yake sarrafa datar ɗan haya. Wurare uku ne, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, domin nan ne asalin maganar.

Wuri na farko shi ne kan turken kansa. Kowane sim yana ɗauke da lambar shaida da netwok yake gane shi da ita. Ta Najeriya tana farawa da 621, sai lambar kamfani, MTN 30, Airtel 20, Glo 50. Da zarar wayarka ta kama sabis, netwok ya san ko kai waye, ɗan gida ne ko ɗan haya, da irin tsarin da ka saya. Turke ɗaya kuma ƙarfinsa ƙayyadadde ne. Duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi, kuma akwai manhaja a cikinsa da take yanke hukunci sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya kan wa za a ba dama yanzu. A fasahar 4G an tanadi lambobin fifiko da ake kira QCI. Kiran murya yana kan lamba 1, an ware masa hanyarsa. Datar yau da kullum, irin ta Facebook da TikTok da tura kuɗi ta manhajar banki, tana faɗawa tsakanin 6 zuwa 9, kuma ƙaramar lamba ita ce a gaba. A Amurka wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Manyan kamfanoninsu suna sa masu tsada a lamba ta gaba, su sa masu arha da yawancin 'yan haya a baya, kuma suna rubutawa a sharuɗɗan ciniki cewa lokacin cunkoso wasu za su riga ka. Abin lura a nan, in turke ba ya cike, ba za ka ga bambanci ba ko kaɗan. Da asuba ɗan gida da ɗan haya gudu ɗaya suke yi. Bambancin yana fitowa ne da ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, ko ranar kasuwa, ko ranar hawan sallah, lokacin da kowa ya ɗaga waya a lokaci guda.

Wuri na biyu shi ne bututun da ke tsakanin mai gida da ɗan haya. Ɗan hayan da ke da nasa na'urorin tsakiya, datar mutanensa tana bi ta turken mai gida ne sannan a miƙa masa ita ta wata ƙofa, kuma faɗin ƙofar gwargwadon kuɗin da ya biya ne. Japan ce babban misali. A can 'yan haya suna sayen faɗin bututu daga kamfanoni irin su NTT Docomo, ana lissafi da megabit. Tunda kowane ƙari kuɗi ne, ɗan haya yakan sayi abin da zai ishe shi a yawancin awannin yini. Sakamakon haka, sanannen abu ne a Japan cewa tsakanin 12 zuwa 1 na rana, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci kowa ya buɗe waya, layukan haya da yawa suna rarrafe, alhali na masu gida suna tafiya. A irin wannan hali turke lafiyarsa ƙalau, sandunan sabis a cike suke a fuskar wayarka, amma shafi ya ƙi buɗewa. Nan laifin ba lallai na mai rijiya ba ne. Ɗan garuwa ne ya zo da jarkoki shida alhali gida ashirin ke jiransa. Ko kuma mai rijiya ne ya tsauwala kuɗin jarka har ɗan garuwa ba zai iya ƙari ba.

Wuri na uku shi ne ƙa'idojin da aka ɗora wa tsarin da ka saya. Ana iya ƙayyade maka iyakar gudu dare da rana, ko da turke babu kowa. Ana iya rage ingancin bidiyo. Ana iya taƙaita raba data ta hotspot, ko a ce bayan ka ci giga kaza gudunka zai faɗi. Ana iya cewa 5G ta 'yan gida ce kawai, ɗan haya ya tsaya a 4G. Wannan ya bambanta da na farko. Fifiko yana aiki ne lokacin cunkoso kawai, shi kuwa ƙayyade gudu takunkumi ne na dindindin. Duk wanda ya tuna lokacin da muke zuwa wurin masu gyaran waya a yi mana saitin APN kafin intanet ta yi aiki, to ta wannan ƙofar da bayanan sim ne ake gane irin ƙa'idar da za a ɗora maka.

Kada a fahimce ni baibai. Sarrafa cunkoso ba zalunci ba ne a karan kansa. Dole a fifita kiran gaggawa a kan mai kallon wasan barkwanci. Kuma wanda ya biya dala miliyan 285 a 2001, ya sake biyan dala miliyan 273.6 a gwanjon 5G na Disamban 2021, yake sayen dizal yana biyan hayar turaku ga kamfanoni irin su IHS, yana da hujjar cewa ba za a ci guminsa a banza ba. Mai sayen layi mai arha da saninsa cewa da daddare zai ɗan yi nauyi, ciniki ne na halal. Inda matsala take shi ne a ɓoye. A sayar maka da giga 10 ba a gaya maka cewa gigar taka ta bayan layi ce ba. Matsala ta biyu kuma, mai gida shi ne mai ba da haya kuma shi ne abokin hamayya a kasuwa ɗaya. In ya sayar wa ɗan haya a farashin sari da ya kusa kai farashin da yake sayar wa jama'a, ya kashe shi ba tare da ya taɓa ko waya ɗaya ba.

Wasu ƙasashe sun gane haka sun ɗauki mataki. A 2014, lokacin da Telefónica mai layin O2 ya so sayen E-Plus a Jamus, hukumar Tarayyar Turai ta gindaya sharaɗin sai ya sayar da har kashi 30 cikin 100 na ƙarfin netwok ɗin ga 'yan haya. Wato a yanka musu kaso tsayayye daga rijiyar, su san abin da suka mallaka, su yi gasa da shi yadda suka ga dama. Kamfanin Drillisch ne ya samu, daga baya ya haɗe da 1&1, wanda yanzu yake gina nasa turakun a matsayin netwok na huɗu a Jamus. A Japan ma Rakuten ya fara da haya a 2014, ya zama mai turaku a 2020. A Amurka kuwa abin ya bi ta wata hanyar, masu gida ne suka riƙa saye manyan 'yan haya: Verizon ya saye TracFone a 2021, T-Mobile ya saye Mint a 2024. Ke nan makomar ɗan haya ta dogara ne da irin alƙalin da ke tsaye a tsakani.

To mu dawo gida. Me ya shafi mutumin Takur a wannan dogon labari? Ya shafe mu fiye da mutumin Legas ma. Inda turaku suke da yawa kuma wayar fayiba ta isa ko'ina, cunkoso yana da sauƙi. Mu kuwa garinmu ya faɗaɗa da sauri. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 dubban ɗalibai suka ƙaru, unguwanni suka miƙe, ga ma'aikatan sakatariya, ga 'yan kasuwa. Ka fita wajen gari kaɗan, ta hanyar Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, za ka tarar da ƙauyuka da dama turke ɗaya suke rabawa. Ranar kasuwar Shuwarin ko Gujungu, mutum dubbai ne ke taruwa ƙarƙashin 'yan turakun da a sauran ranaku ba su da wani nauyi. A irin wannan wuri kasancewa a bayan layi yana nufin mai POS ya tsaya da abokin ciniki a gabansa kuɗi sun fita ba su shiga ba, ɗalibi ya kasa kammala rajista kafin a rufe shafi, mai hatsi ya kasa tabbatar da alat har motar kaya ta tashi. Duk mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun Naira, sa'ad da rayuwa ta koma kan tiransifa. Kuma tun da hukumar ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, duk wanda ya zo da farashi mai sauƙi zai samu kasuwa a wurinmu. Talaka ne zai fara rugawa, shi ne kuma zai fi jin jiki in an ɓoye masa sharaɗi.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa Galaxy a Dutse da makarantar Informatics a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Ya kamata a ce muna cikin masu fara yin tambayoyin da suka dace. Ga nawa, a matsayina na ɗan ƙasa mai sayen data da albashinsa.

Na ɗaya, hukumar NCC ta wajabta wa kowane kamfanin haya ya faɗi a fili turakun wa yake hawa, kuma ko datar mutanensa tana daidai da ta 'yan gida lokacin cunkoso ko tana baya. A rubuta da harshe mai sauƙi, har da Hausa, a wurin sayar da sim.

Na biyu, idan hukumar za ta auna ingancin sabis, ta auna na 'yan haya daban da na masu gida, a kan turke ɗaya, a lokacin cunkoso, kuma a garuruwa irin Dutse da Haɗeja da Gumel. Awon da aka yi da hantsi a Abuja ba zai gaya mana komai ba.

Na uku, ta sa ido a kan farashin sari da faɗin bututu kamar yadda ta sa baki a farashin mahaɗa tun 2003. Tarihi ya nuna in aka bar babba da ƙarami su sasanta su kaɗai, an san wanda zai sha ƙasa.

Na huɗu, namu na gida. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sauƙaƙa shimfiɗa fayiba da kafa turaku, mu kuma al'umma mu kare su daga ɓarayin batir da dizal. In rijiyar ba ta da ruwa, ko 'yan garuwa ɗari ne ba za su kawo komai ba.

Shi kuwa ƙanena mai POS, ga abin da na ce masa, kuma shi nake gaya wa kowa. Kada ka jefar da tsohon layinka. Ka sayi sabon, ka sa masa ƙaramar data, ka gwada shi a shagonka da daddare da kuma ranar kasuwa har tsawon mako biyu, kana kwatantawa da tsohon. Ka tambayi mai sayar da sim turken wa suke hawa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin in babban layinka da sabon duk turke ɗaya suke amfani da shi, to ba ka da madadi. Ranar da janaretan turken ya mutu ko aka yanke fayiba, duka biyun za su ɗauke tare. Layin ajiya na gaskiya shi ne wanda yake kan turakun wani kamfani daban. In kuma ka yi koke ba a saurare ka ba, lambar hukumar NCC ta karɓar koke kyauta ita ce 622.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amma dai da yawanmu a garin nan gidan haya muka fara zama kafin Allah ya hore mana namu, kuma mun san haya tana daɗi in yarjejeniya a rubuce take, mai gida ya san haƙƙinsa, ɗan haya ya san nasa, kuma akwai mai unguwa da za a kai wa ƙara. Abin da muke nema ke nan, ba wani abu ba.

Wanda ya riga ya gwada ɗaya daga cikin sababbin layukan a Dutse ko kewaye, don Allah ya gaya mana unguwar da yake, da lokacin da ya gwada, da abin da ya gani. Injiniyoyinmu na sadarwa kuma a gyara mini inda na yi tuntuɓe.

Allah ya sa mu dace, ya ba mu shugabanni masu kishin talaka.